Dandalin ma'aikatanmu yana kan SharePoint 2013, ta ina za mu fara sabunta shi?

Tambaya: Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin manyan kantuna mai rassa a garuruwa da dama. Dandalinmu na cikin gida, inda ake sa jerin farashi, sanarwa, jadawalin aiki, fom ɗin neman hutu da na neman kaya daga sito, yana kan SharePoint Server 2013. Shugabanni sun ce a sabunta shi. Za a iya ɗora sabuwar manhaja kai tsaye a kan tsohuwar? Kuma ina ne matsala ta fi fitowa?

Amsa: Malam, ba za a iya ɗora ta a kan tsohuwar ba. Tun daga fitowar SharePoint 2013 Microsoft ta daina ba da damar sabuntawa a kan saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da dandalin. Hanyar da ta rage ita ce a gina sababbin sabobi a gefe, a kwafi rumbunan bayanai daga tsohuwar SQL Server, manhajar da ke ajiye bayanan dandalin, a jona su da sabon tsarin, shi kuma ya ɗaga su zuwa sigarsa. Kamar ƙaura ce zuwa sabon gida: tsohon yana nan tsaye har sai an tabbatar an kwashe komai. Wannan alheri ne gare ka, domin tsohon dandalin shi ne mafakarka idan aiki ya cije.

Kafin komai ka san inda kake tsaye. Tallafin SharePoint 2013 ya ƙare ranar 11 ga Afrilu 2023, wato ba ta ƙara samun gyaran tsaro. A watan Yulin 2025 aka yi ta kutse cikin sabobin SharePoint a ƙasashe da yawa ta wata kafa mai lamba CVE-2025-53770. Microsoft ta fitar da gyara ga 2016, 2019 da Subscription Edition, amma 2013 ba ta cikin lissafi. Saboda haka idan rassanku suna shiga dandalin ta intanet a buɗe, ka rufe wannan ƙofa yau, ka mayar da shiga ta VPN kawai, wato keɓantacciyar hanya mai tsaro ta shiga cibiyar kamfani, tun ba a zauna taron kasafin kuɗi ba. Kada kuma wani ɗan kwangila ya sayar muku da 2016 ko 2019 a matsayin masauki, domin ranar ƙarshen tallafinsu duka biyu ita ce 14 ga Yuli 2026. Masauki biyu ne kawai: SharePoint Server Subscription Edition a kan sabobinku, ko SharePoint Online a cikin Microsoft 365.

Zaɓi tsakanin biyun ya danganta da yadda ma'aikatan kanti suke shiga dandalin. A Microsoft 365 ana biyan lasisi ne kan kowane mutum, kuma akwai nau'in F1 da F3 da aka ware wa ma'aikatan da ba sa zaman tebur, irin su masu karɓar kuɗi da masu jera kaya. Idan a yanzu kowane reshe yana da asusu guda da mutum ashirin ke shiga da shi, to wannan al'ada ba za ta yiwu a can ba, kuma kuɗin da za ka lissafa na mutum ashirin ne, ba na ɗaya ba, wata bayan wata, da farashin da ke bin canjin dala. A kan sabobinku kuwa akwai lasisin shiga da ake saya wa na'ura maimakon mutum, wanda ya dace da kwamfuta ɗaya ta ofishin manaja da kowa ke taɓawa, sai dai Subscription Edition ma sai da biyan kuɗi mai ci gaba, ga ɗawainiyar wuta, sanyaya ɗaki, kwafin ajiya da saka gyaran tsaro na kowane wata. Ra'ayina shi ne: kamfanin da ba shi da mutum ko ɗaya da zai iya saka gyaran SharePoint duk wata ba tare da fashi ba, ya tafi Microsoft 365. Idan kamfanin a Najeriya yake, a tuna cewa dandalin yana ɗauke da bayanan ma'aikata, kuma dokar kare bayanai ta 2023 tana da sharuɗɗa a kan fitar da irin waɗannan bayanai ƙasashen waje, don haka lauyan kamfani ya gani kafin a yanke.

Ko wanne ka zaɓa, aiki na farko ɗaya ne, kuma shi ne ya fi cin lokaci: ƙidayar abin da ke cikin dandalin. Takardun Word, Excel da PDF ba su cika ba da wahala ba. Abin da ke karyewa shi ne abin da wani ya ƙera da hannunsa shekarun baya, ya bar aiki, bai bar rubutu ba.

Fara da fom. A dandalin 2013 kusan duk fom ɗin neman hutu ko neman kaya da InfoPath aka yi shi, kuma hanyar da yake bi daga manajan reshe zuwa sito zuwa akanta da SharePoint Designer aka tsara ta. Manhajojin biyu sun tsaya a sigar 2013, kuma tallafinsu yana da ranar ƙarewa ɗaya da ta sabobin 2016 da 2019. A SharePoint Online an kashe hanyoyin sa hannu irin na 2010 tun Nuwamba 2020, na 2013 kuma an sa musu 2 ga Afrilu 2026. Ma'ana, fom ɗinku ba ƙaura za su yi ba, sake gina su za a yi: da Power Apps da Power Automate idan kun tafi Microsoft 365, ko da fom ɗin jeri na zamani da wata manhajar sa hannu mai tallafi idan kun zauna a gida. Ga kowane fom ka rubuta wa ke cika shi, wa ke sa hannu, me ke faruwa idan an ƙi amincewa, wa ake tura wa imel, da ranar da aka yi amfani da shi na ƙarshe. Wannan rana ta ƙarshe ita ce za ta rage maka aiki, domin za ka tarar da fom da yawa da ba wanda ya taɓa su shekara biyu ko uku. Ka kai wa shugaban sashen da abin ya shafa ya sa hannu cewa a bar su.

Sai ƙunshin manhajojin da aka ɗora a kan sabobin, masu ƙarewa da .wsp. Umarnin Get-SPSolution zai jero maka su. Ka fitar da kwafin kowanne daga tsohon tsarin ka adana, ka nemi asalin lambobin da aka rubuta shi da su. Wanda aka saya daga wani kamfani, a tambayi kamfanin ko yana da sigar da ke aiki a Subscription Edition. SharePoint Online ba ta karɓar irin wannan ƙunshi kwata-kwata. A kamfanin kantuna, abin da ya fi zama a nan shi ne ɗan akwatin da ke janyo cinikin jiya ko yawan kayan sito daga manhajar lissafi ya nuna a shafin farko, kuma shi ne abin da shugabanni suka fi dubawa da safe. Idan ya ɓace ranar farko, ba wanda zai yaba sauran aikin.

Akwai kuma sassan da Microsoft ta cire a hanya. Excel Services ta fita tun 2016, aikinta ya koma Office Online Server, wadda ke buƙatar saba tata daban. PerformancePoint da Access Services babu su a Subscription Edition. Hanyar janyo bayanan ma'aikata daga Active Directory, kundin asusun ma'aikata na kamfani, ita ma ta sauya a 2016: tsohon injin daidaitawa ya fita, sai shigo da bayanai kai tsaye ko a girka Microsoft Identity Manager daban. Idan dandalinku ne ke mayar da hoton ma'aikaci ko lambar wayarsa zuwa Active Directory, shigo da bayanai kai tsaye ba ya yin wannan, hanya ɗaya yake bi.

Da ka gama ƙidaya sai shara. Ka duba girman kowane rumbun bayanai. Shawarar Microsoft ita ce kada rumbu ɗaya ya wuce gigabait 200 a amfani na yau da kullum, kuma girman rumbu shi ne ke yanke tsawon daren da za ku kwana a ofis. Abin da ya fi kumbura shi tsofaffin sigogin fayil ne: jerin farashi da ake gyarawa kullum, ba a sa iyakar sigogi ba, yana iya tara ɗaruruwa. Ka sa iyaka, ka share kwandunan shara mataki na farko da na biyu, ka goge shafukan rassan da aka rufe bayan an adana kwafinsu. Ka kuma nemo jerin da ya haura layi 5,000, iyakar abin da SharePoint ke yarda a janyo a lokaci ɗaya. A kantuna yawanci jerin neman kaya ne. A tsohon dandali mai yiwuwa wani ya ɗaga wannan iyaka don a daina ƙorafi. A SharePoint Online ba a ɗaga ta, sai dai a sa fihirisa a ginshiƙan kwanan wata da sunan reshe, a tace abin da ake nunawa, a kwashe na shekarun baya zuwa wani jeri.

Yanzu ga hanyar zama a gida. Subscription Edition tana karɓar rumbunan 2016 da 2019 kai tsaye, amma ba ta karɓar na 2013. Dole ka yada zango a 2016. Wannan zango saba ɗaya ce ta wucin gadi, ba mai amfani da zai shiga cikinta, aikinta kawai ta ɗaga rumbunan ta miƙa su gaba. Masauki na ƙarshe yana son Windows Server 2019 ko sama da haka, da SQL Server 2019 ko sama. Mafi ƙarancin da za ka ba kowace sabar SharePoint shi ne ƙwaƙwalwa gigabait 16 da cibiyoyin sarrafawa huɗu, idan kuma komai a kan saba ɗaya yake, 24. Ga kamfani mai rassa da yawa, ka raba aƙalla uku: ta shafuka, ta bincike da sauran hidimomi, da ta SQL.

Abubuwa biyu sai an gyara su a tsohon tsarin tun kafin a kwafi komai. Na farko, rukunin shafukan da har yanzu ke sanye da rigar 2010. Idan dandalinku daga 2010 aka taso da shi, akwai yiwuwar wasu shafuka ba a ƙarasa ɗaga su ba. Ka gudanar da Get-SPSite -Limit All ka duba CompatibilityLevel. Duk mai lamba 14 sai ya koma 15 ta hanyar Upgrade-SPSite, in ba haka ba 2016 za ta ƙi shi. Na biyu, hanyar tantance masu shiga. Idan har yanzu tsohuwar hanyar Windows ake bi, a mayar da ita zuwa ta Claims da Convert-SPWebApplication. Wanda ya tsallake wannan zai ga an gama ƙaura lafiya, fayiloli duk suna nan, amma kowa yana samun saƙon hana shiga, domin sunayen da ke cikin rumbun ba su yi daidai da yadda sabon tsarin ke rubuta sunan mutum ba.

A sabar zango ka ƙirƙiri manhajar yanar gizo da adireshi iri ɗaya da na tsohon dandali, ka ɗora ƙunshin .wsp da ake buƙata, ka maido kwafin rumbunan a SQL. Kafin ka jona kowanne, ka gudanar da Test-SPContentDatabase a kansa. Zai fito da jerin abin da rumbun ke nema bai samu ba: sassan shafi, fasaloli, fayilolin tsari. Kada ka firgita da tsawon jerin, ka duba ginshiƙin UpgradeBlocking. Duk da haka kada ka yi watsi da sauran, domin sashen shafin da ya ɓace ba zai hana ɗagawa ba, amma shafin da yake ciki zai buɗe da saƙon kuskure. Daga nan sai Mount-SPContentDatabase, kuma ka fara da rumbun da ke ɗauke da shafin tushe. Hidimomi ma suna da nasu rumbunan da ake ɗagawa: Managed Metadata, User Profile, Secure Store, Business Data Connectivity da rumbun gudanar da bincike. Ka ɗaga Managed Metadata kafin rumbunan shafuka, domin a nan sunayen rassa da nau'o'in kaya suke idan da su aka yi wa takardu alama. Secure Store kuma sai da kalmar sirrin da aka kulle shi da ita tun farko. Ka neme ta tun yanzu, domin idan ta ɓace sai an sake shigar da duk asusun haɗi da manhajar lissafi da hannu. Fihirisar bincike ba ta ƙaura, sai sabon tsarin ya sake bin duk takardun daga farko, kuma kafin ya gama akwatin bincike ba zai nuna komai ba. Duk wannan za ka maimaita shi daga 2016 zuwa Subscription Edition.

Wani tarko da ke kama ƙwararru ma: kada ka saita sabar tura imel a tsarin gwaji. Rumbun da ka kwafa yana ɗauke da duk sanarwar da mutane suka yi rajista da duk fom da ke jiran sa hannu. Da zarar ya sami hanyar fita, manajoji za su fara samun saƙon su amince da buƙatar kaya ta bara, kuma wani zai amince.

Ka yi gwajin ƙaura cikakke aƙalla sau biyu, da agogo a hannu. Ka rubuta mintin da kowane mataki ya ci: ɗaukar kwafi, tura shi, maidowa, jonawa a zango, sake kwafi, jonawa a masauki. Ka rubuta kowane umarni a fayil ɗaya yadda daren ƙaura ba tunani za a yi ba, bin rubutu za a yi. Ka bar sarari a faifan SQL aƙalla ninki biyu na girman rumbu, domin kundin ma'amaloli yana kumbura sosai lokacin ɗagawa, kuma cikar faifai na cikin manyan dalilan da ke tsayar da aiki a tsakiya. Haka ɗaukewar wuta. A tabbatar da man janareta da lafiyar batiran UPS, kuma idan aiki ya yanke ana cikin jonawa, abin da ya fi aminci shi ne a goge wannan rumbu a maido sabon kwafi a sake.

Gwajin ba na sashen kwamfuta ba ne kaɗai. Ka ɗauko manajan reshe, ma'ajin sito, mai kula da ma'aikata da akanta, kowa ya yi aikinsa na yau da kullum a tsarin gwaji, kuma a yi shi daga reshe, a kan kwamfutar reshen da layin intanet ɗinsa, musamman reshen da sabis ya fi rauni. A nan ne za ka gano kwamfutocin da har yanzu ke dogaro da Internet Explorer 11, wanda Microsoft ta yi wa ritaya a watan Yunin 2022, da na'urar sikanin da ke tura rasit kai tsaye cikin dandali amma ba ta iya magana da TLS 1.2, ƙa'idar ɓoye bayanai a kan hanya, da fayilolin Excel masu janyo farashi daga wani adireshi da aka rubuta a cikinsu. Saboda irin waɗannan fayiloli da gajerun hanyoyin da ke kan kowane tebur nake ba da shawarar a riƙe tsohon adireshin dandalin, a sauya inda DNS, tsarin da ke haɗa adireshi da saba, ke nunawa kawai. Ka kuma sanar da shugabanni tun wuri cewa shafukan da aka ɗaga za su fito da tsohuwar fuskarsu. Sabuwar fuska mai dacewa da waya tana nan a Subscription Edition, amma sai an gina sababbin shafuka da ita, kuma wannan aiki ne na biyu da bai kamata a haɗa shi da daren ƙaura ba.

Idan Microsoft 365 kuka zaɓa, babu zango kuma babu jona rumbu. SharePoint Migration Tool, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta, tana kwasa daga 2013 kai tsaye. Sai an fara daidaita asusun ma'aikata da Entra ID, kundin asusu na Microsoft 365, in ba haka ba izinin shiga da sunan wanda ya rubuta takarda ba za su sami mai su ba. Fayil ɗin da wani ya ɗora bai taɓa sakin sa ga sauran mutane ba (check-in), ba ya bin ayari, don haka a nemo irinsu a kowane ɗakin takardu a sake su. Adireshin fayil, da sunayen jakunkunan da yake ciki, kada ya wuce harafi 400. Ka yi lissafin layinku: gigabait 300 a kan layin da ke tura megabit 20 a daƙiƙa zai ci kusan awa 33 idan ba tangarɗa, kuma Microsoft tana rage gudu a lokutan aiki. Shi ya sa ake kwashe mafi yawa makonni kafin ranar sauyawa, sannan a bi da ƙananan zagaye masu ɗaukar abin da ya sauya kawai. A wannan hanya adireshi dole ya sauya, don haka ka bar tsohon suna yana tura mutane sabon wuri.

Ranar sauyawa kuwa kalandar kasuwa ce ke zaɓen ta, ba ta sashen kwamfuta ba. A kauce wa azumi da makonnin kafin salla biyu, ƙarshen shekara, lokacin komawa makaranta, ranar ƙidayar kaya da ƙarshen wata da ake haɗa albashi. Kantuna ba sa hutun Asabar da Lahadi, don haka abin da ya dace da ofis bai dace da ku ba. Ka duba bayanan ciniki ka zaɓi daren da ciniki ya fi sanyi a mako. Kwana biyu kafin nan ka rage TTL na DNS, wato tsawon lokacin da kwamfutoci ke riƙe tsohuwar amsar DNS, zuwa minti biyar. Ka sanar da rassa cewa duk fom da ke jiran sa hannu a kammala shi kafin wata sa'a, domin fom da aka bari a tsakiyar hanya shi ne ya fi maƙalewa. Kowane reshe ya buga jerin farashi da jadawalin aiki a takarda, a kuma ba su fom ɗin neman kaya na hannu na kwana biyu. Da an rufe kantuna sai ka mayar da tsofaffin rumbunan na karantawa kawai, ka ɗauki kwafin ƙarshe, ka bi rubutunka.

Ka yanke tun kafin daren, a rubuce, ƙarfe nawa ne za a fasa idan ba a gama ba, da wanda ke da ikon cewa a fasa. Komawa baya abu ne mai sauƙi muddin ba a buɗe wa mutane sabon dandali ba: a cire takunkumin karantawa kawai, DNS ya zauna inda yake. Amma da zarar rassa sun fara rubutu a sabon, rumbun da aka ɗaga ba ya komawa 2013, kuma duk abin da aka shigar sai an kwashe shi da hannu. Don haka kafin a juya DNS, mutanen nan huɗu da suka yi gwaji su shiga da asusunsu, su buɗe jerin farashi, su cika fom ɗaya, su ga ya isa wurin mai sa hannu. Bayan an buɗe, tsohon tsarin ya zauna wata guda a yanayin karantawa kawai, ba tare da wata hanya daga waje ba, sannan a ɗauki kwafinsa na ƙarshe a kashe shi, ita ma sabar zango ta 2016 a goge ta. A sabon kuma a kunna AMSI, tsarin da ke tace buƙatu masu cutarwa, a saka gyaran da ke fitowa Talata ta biyu a kowane wata, kuma a makon farko a gwada maido da kwafin ajiya guda a wata saba daban don a tabbatar yana buɗuwa.